Hannun Abdulmajid a Kafaɗar Wansa

Duk wanda ya taɓa ɗaura harami a Bi'ir Ali cikin shekaru ashirin ɗin nan, da wuya bai ga Abdulmajid ba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu da ke tsaye bakin wani ɗan shago kusa da inda manyan motoci ke sauke alhazai, yana sayar da harami da silifa da lema. Shagon na wani Balarabe ne. Shi kuwa Abdulmajid Bahaushen Injamena ne, ya zo Madina da ƙuruciyarsa, ya tsufa a ɗaki biyu a unguwar Harra ta Gabas tare da matarsa Ƙaltume. Allah bai ba su haihuwa ba.

Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Cewa zai yi yana da 'ya, sunanta Sundus. 'Yar wansa Ja'afaru ce, wanda ya rasu a Injamena tana da shekara tara. Tun daga sadakar bakwai Abdulmajid ya ɗauki nauyinta daga nesa: ci da sutura da makaranta, har maganin uwarta. Sau uku kacal ya taɓa ganinta da ido, amma ya san lambar takalminta.

Da ta gama sakandare ta ce aikin jinya take so. Inda ta samu gurbi wata jami'a ce ta 'yan Katolika a Kamaru. Suka yafe mata wani ɓangare na kuɗin karatu, sauran ya hau kan baffanta. Nan fa Harra ta ɗauka. Saifuddeen, maƙwabcinsa mai gyaran firji, ya tare shi bayan sallar Juma'a a gaban mutane ya ce, "Ya Abdulmajid, kana zaune a garin Manzon Allah, ka tura 'yar ɗan'uwanka wajen 'yan coci?"

"Allura za ta koyo, ba addini ba," in ji shi. "'Yata ce, na san tarbiyyarta. Halas, magana ta ƙare."

Wata da watanni wasu na yi masa gaisuwa a daƙile. Ya shanye. Shekara huɗu bai je gida ba, bai ɗinka sabuwar jallabiya ba, Ƙaltume na toya waina tana sayar wa matan unguwa. Duk sakamakon jarrabawar da Sundus ta turo kuwa, sai ya bi mutane da waya yana nuna musu, har waɗanda ba su tambaya ba.

A shekararta ta ƙarshe ta roƙe shi hoton mahaifinta. Hoto ɗaya ke gare shi, wanda suka ɗauka a ƙofar masallacin Ƙuba lokacin da Ja'afaru ya zo umra: su biyu a tsaye, Abdulmajid ya dafa kafaɗar wansa. Ya ji daɗi ƙwarai da ta tuna da ubanta. Ya kai hoton shagon masu hoto aka fito da shi tangaran, ya tura mata.

Bayan wata biyu sai ga bidiyo a wayarsa, kuma a duk mutanen Madina Saifuddeen ne ya turo. Jami'ar ce ke neman gudummawar shekara daga masu hannu da shuni, ta sa ɗalibai suna ba da labarinsu. Ga Sundus cikin farin kaya da ɗankwalinta, kyakkyawa, tana magana da Faransanci. Shi kuwa ɗan Injamena ne, ba sai an fassara masa ba.

Ta ce mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Ta ce daga nan ba ta da kowa a duniya, babu wanda ya waiwaye ta, sai da Allah ya haɗa ta da masu taimakon jami'ar, su ne uwa su ne uba. Sai aka nuna hoton. An yanke Abdulmajid. Ja'afaru ne tsaye shi kaɗai, sai yatsu huɗu a kafaɗarsa da ba a iya gogewa ba.

A faɗi gaskiya, masu neman gudummawa sun san aikinsu. Marainiyar da ba ta da kowa ta fi marainiya mai baffa saurin buɗe aljihun mutane. Amma ba su ne suka ƙona wa Abdulmajid rai ba. Ba su san shi ba. Bakin da ya furta maganar ya sani, da bakin nan ake ce masa Baffa a waya duk Juma'a. Ya zauna kan kwalin silifa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi, motoci biyu suka sauke alhazai suka kwashe bai sayar da ko lema ɗaya ba.

Bayan la'asar ya kira ta. Ta ɗauka da murnarta.

"Baffa, ka gani ko? Sun ce nawa ya fi na kowa kawo taimako."

"Na gani, ya binti, 'yata. Kin ce ba ki da kowa."

"Ayya Baffa, ai haka ake tsara shi. Saboda 'yan baya ne, su ma su samu. Kai ma ka san matsayinka a wurina." Ta ɗan yi dariya. "Don Allah ka tura wa mutanen Madina, ko za a samu masu bayarwa."

"Sun riga ni gani." Sai ya ƙara da cewa, "Shekara huɗu ina gaya musu ke 'yata ce. In sun tambaye ni hannun wa ke kafaɗar babanki, me zan ce?"

Sai ta ce da shi:

"Ka ce wani ne daga cikin masu taimako, Baffa. Kada labarin ya ɓaci."