Mai Faci da Tukunyar Ganye

Mai Faci a bakin titi ya ƙare ƙuruciyarsa, yana ɗura iska cikin tayoyin mutane. Iska kam ya san ta. In tif ɗin cikin taya ya huje, sai ya tsoma shi a daron ruwa, inda kumfa ta taso nan ciwon yake. Har ya yi furfura bai taɓa zaton iska za ta rikita shi ba, sai da ƙirjin matarsa ya fara kuka.

Numfashinta ya koma kamar busar tsohon usur. Likita ya ba ta abin shaƙa, ta kwanta a ɗakin ƙurya mai 'yar taga ɗaya, ita ma katangar maƙwabta ta tare ta. Tun daga nan ba shi da aiki sai sauraren ƙirjinta.

Ɗansu, malamin makaranta, ya kawo wata shuka cikin tukunyar siminti, ganyenta kore shar, faffaɗa kamar tafin hannu.

"Baba, a ajiye ta kusa da Inna. Ganye da hasken rana yake haɗa abincinsa. Yana ɗaukar iskar da muke fitarwa, ya sako mana wadda muke shaƙa."

Ba a jima ba 'yarsu mai aikin jinya ta zo, ta ga tukunyar a gefen gado.

"Baba, ita ma fa numfashi take. In rana ta faɗi, iskar da Inna ke nema ita take ja."

"Yayanki ya ce bayarwa take."

"Yaya ai da allo yake hira. Ni ce ke ganin marasa lafiya."

Ya kira ɗan a waya. Ɗan ya ce duka gaskiya ne, tana bayarwa, tana kuma ja, amma ɗan kaɗan. Mai Faci ya daɗe riƙe da wayar. A saninsa iska ko dai shiga take ko fita. Abin da ke yin duka biyun, me sunansa?

Sai ya yanke hukuncin da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Da safe ya rungumi tukunyar ya kai ta ɗakin, ta ba matarsa iska. Rana na faɗuwa ya fito da ita tsakar gida, kada ta karɓe abin da ta bayar.

"Maigida, wai ni ce marar lafiya ko kai?" matar ke cewa. "Nishinka ya fi nawa."

Haka shukar ta riƙa wuni a duhu, tana kwana a duhu. Ganyen ya koɗe, ya fara zuba. Tsoro ya kama shi. Ta ƙarar da iskarta ne a kan matarsa, ko cutar ce ta kama ta? In ta mutu, da me matar za ta rage?

Wata safiya bayansa ya riƙe, ya kasa ɗaga tukunyar. Ya tsuguna a gabanta, hannunsa ya tuna sana'a. Ya tsinki ganye biyu masu sauran kore, ya tsoma ɗaya a daron ruwa cikin rana, ɗaya a kwanon ruwa a ɗakin matar. Da hantsi ya dawo. Na rana ya yi ado da 'yan ƙananan kumfa kamar an zuba masa duwatsun wuya. Na ɗaki kuwa shiru.

Ya shiga da kwanon a hannu.

"A rana tana yi, a nan ba ta yi. Hujewa ta yi ko kyauta take, ban sani ba."

Matar ta dube shi, ta dubi 'yar tagar.

"To kai ni inda take yi ɗin. Ai ban kai tukunyar nauyi ba."

Ya shimfiɗa mata tabarma a bakin inuwa, ta dafa kafaɗarsa suka fito a hankali. Nan suke wuni yanzu su uku, har da shukar. Shukar ta fitar da sabon toho, usur ɗin ƙirjin ma ya ɗan sassauta. Ko ganyen ne, ko maganin, ko sararin tsakar gida, Mai Faci bai sani ba. Da yamma yana mai da matarsa ɗaki, sannan ya dawo ya ja tukunyar kaɗan nesa da ƙofa.