Giwar da Ta Sha Yajin Kaka

Mutanen gidanmu sun ce tun ina goye nake ƙara wa magana gishiri, wai ko kukan yunwa na tashi yi sai na ninka shi uku. Ban musa ba. Amma labarin giwar yayana, ban ƙara masa komai ba, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba.

A farkon shekarun casa'in ne, lokacin da lakkol, wato makaranta, ta koma kamar kasuwar ƙauye, ta ci yau, gobe ba kowa. Malamai su tafi yajin aiki, ranar da suka dawo mu ɗalibai mu tafi namu, har aka ce shekarar ta zama fara, ba jarrabawa ba ƙarin aji. Mu ƴan kolej na unguwarmu a Tawa sai muka kafa fada ƙarƙashin wani itacen bedi. Mu goma sha biyu ne, butar shayi ɗaya, ganyen shayin kuwa muna tafasa shi har sai ya roƙe mu gafara.

Abin da ya hana mu haukacewa shi ne katin cingam. Wani cingam ne da ke shigowa ta Ƙonni, ɗanɗanonsa kamar ka tauna takalmin roba, amma kowane ƙunshi da kati ɗaya a ciki mai hoton dabba. Ƙarƙashin hoton akwai lamba uku: ƙarfi, gudu da nauyi. Bayan katunan duk iri ɗaya ne, shuɗi. Wasan kuwa mu muka ƙago shi, muka ɗora shi bisa tsarin kokowa. Kowa ya zaɓi ƴan kokowarsa goma, ya jera su yadda ya ga dama, ya kife a gabansa, ba a sāke jeri in an fara. Mai kira ya leƙa katinsa na sama, ya ce ƙarfi, ko gudu, ko nauyi. A buɗe. Wanda lambarsa ta fi yawa ya kayar, ya ɗauke katin ɗan'uwansa ya zama nasa har abada, kuma kira ya koma hannunsa. Wanda ya fi kowa a fada shi ke riƙe takobi, kamar sarkin kokowa, sai dai namu na karan gero ne da aka naɗe da takardar sigari mai ƙyalli.

Yayana ne ya fara tara katunan nan a gidanmu. Mutum ne mai tsari, ba irina ba. Cikin gwangwanin madara yake ajiye su, ya yanka robar tayar keke ya ɗaure su kashi-kashi, masu ƙaho daban, masu farce daban, masu jan ciki daban. In damina ta kama yakan baje su bisa tabarma su sha iska. A ƙasan gwangwanin kuma akwai giwa, cikin ledarta ita kaɗai, tsakanin kwali biyu. Nauyinta ɗari cif, kuma duk Tawa ba a taɓa ganin ta biyu ba. Akwai waɗanda suka tauna cingam har haƙoransu suka yi gudun hijira, ba su same ta ba.

Da abubuwa suka yi tsauri a gida, yayana ya ɗauki jaka ya tafi biɗa Abijan, kamar sauran samarin Adar. A tasha ya miƙa mini gwangwanin.

"Kowane ka so ka yi wasa da shi," in ji shi. "Amma giwa amana ce. In na komo ban iske ta ba, kai ma kar in iske ka."

"Yaya, ko ƙuda ba ya sauka kanta."

Yana tafiya na shiga gyaran gwangwani irin nawa. Na ce me zan yi da ɓera da bushiya da ƙadangare? Na riƙa musaya, in ba da ƙanana goma in karɓi zaki ɗaya, in ba da takwas in karɓi ɓauna. Waɗanda suka rage, da ko kyauta ba mai so, na watsar da su ɗakin kakata a Barmu wata rana da na kai mata saƙo. Da na dawo fada aka tambaye ni ina ƙananan, sai na ce ai da su na hura gawayin shayi, ni ba na zama gida ɗaya da talakawa. Goma ɗina suka zama manya zalla: zakuna uku, damisa, ɓauna, dorina, karkanda, da sauransu. Cikin wata biyu takobi ya zo hannuna. Ina tafiya cikin unguwa kamar ni na haƙa tabkin garin.

To, zamanin nan kowa taro yake. Rediyo taro, tasha taro, jam'iyyu na tsirowa kamar ciyawar farkon damina. A fadarmu akwai wani ɗan Damagaram, mahaifinsa malamin asibiti ne da aka turo Tawa aiki. Siriri ne kamar tsinken tsire, amma bakinsa ya fi na lauya. Wata rana bayan shayi na biyu ya miƙe tsaye ya gyara wuyan riga.

"Ƴan'uwa, mulkin kama-karya ya ƙare a ƙasar nan. Don me zaki kaɗai zai riƙa ci? Ɓera ba ɗan ƙasa ba ne?"

Shawararsa ita ce, daga yau mai kira ya faɗi abu biyu: lambar da yake so, sannan ya ce sama ko ƙasa. In ya ce ƙasa, mai ƙaramar lamba ne ya kayar. Na ce wannan zancen banza ne, a wace kokowa aka taɓa ba wanda ya faɗi takobi? Ya ce a kaɗa ƙuri'a. Hannu goma sha ɗaya suka tashi, duk na mutanen da na cika wa aljihu da ɓeraye da hannuna. Ni na ɗaga hannu biyu da ƙafa ɗaya, aka ce ɗaya za a ƙirga.

Bai ko zauna ba ya ce ya ƙalubalanci mai takobi, ranar Lahadi mai zuwa. Dokarmu ta dā tana nan: sarki ba ya ƙin kokowa, sarki ba ya ɓoye gwaninsa, dole giwa ta shiga cikin goma, kuma mai ƙalubale ke fara kira. Lissafin ko jaki ya iya shi. Zai ce ƙasa sau goma, ya kwashe ni tas, har da amanar yayana. Na bi mutanen fada ɗaya-ɗaya ina neman su mayar mini da ko ƙadangare, in ba da zaki. Kowa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ranar na ga zaki ya yi kwantai a kasuwa.

Sai na tuna da ɗakin kaka. Cikin tarkacen da na watsar akwai dodon koɗi, wanda ƙarfinsa ɗaya, gudunsa ɗaya, nauyinsa ɗaya. Shi ma guda ne tak a garin, mun sha yi masa dariya har muka manta da shi. Da safe na sa gwangwani cikin riga na hau kamyon ƴan kasuwa, babbar motar kaya, bisa buhuna, tsakanin wani tsoho da akuyarsa. Ramukan hanyar nan, akwai wanda muka shiga da hantsi ba mu fito ba sai azahar.

Na iske kakata a ƙofar gida tana kwashe ƙosan ƙarshe daga mai. Tana ganina ta riƙe haɓa.

"Wa nika gani? Angon da ba shi kawo ko goro! Mi ya koro ka?"

"Kewarki, amarya."

"Ƙarya kake, mai kunnen jemage. Hwaɗi gaskiya."

"Katunan da na bari nan na zo biɗa."

"Waɗanne? Cokulana?"

Na duba tiren ƙosanta. Wani mai saye ya miƙo takarda, ta sa hannu cikin kwanon yaji ta ɗebo masa da wani abu mai lanƙwasa, ja wur, yana ƙyallin mai. Dodon koɗina ne. Bushiya na cikin kwanon gishiri. Ɓera kuwa an naɗe shi an toshe bakin kwalbar mai da shi, ya riga mu gidan gaskiya.

Ta ce ba ta sakin ma'aikatanta sai na kawo madadinsu. Na zauna na fere mata cokula uku daga sakaina, na kuma daka mata barkono turmi guda, ina atishawa har kajin maƙwabta suka bar unguwar. Sannan ta ba ni guda huɗu da suka rage da rai. Na share su da gefen riga, na danne su ƙarƙashin dutsen niƙa suka miƙe, na fito da manyana na jera tare bisa tabarma, ina yi mata bayanin dabarata. Ta saurara tana taunar goro. Da na gama ta nuna da leɓe.

"Kihe su in gani."

Na kife. Shida shuɗaye masu tsabta, huɗu jajaye masu maiƙo.

"To, wanga ɗan Damagaram makaho ne? Ko makaho ya sansana ya san wanga daban yake da wancan. Yana ganin ja a sama ya san ƙarami ne, sai shi ce sama."

Gaskiyarta. Tun daga Tawa nake lissafi, ban ga abin da tsohuwa ta gani cikin taunar goro ɗaya ba. Ta ce magani ɗaya ne, duka goman su zama ja. Na miƙa mata zakuna ba gardama. Da aka zo kan giwa na riƙe ledar da hannu biyu. Katin nan ko yatsa yayana ba ya bari a sa masa, ta gefe ake kama shi. Na ce ai na yi alkawari ko ƙuda ba ya sauka kanta.

"Yayanka giwa ya ba ka amana, ko leda?" in ji ta. "In ka bar ta fara tas, ranar Lahadi tana kwana gidan malamin asibiti da tsabtarta."

Na rufe ido na miƙa. Ta tsoma yatsa cikin man ƙosai, ta dangwali yaji, ta murje bayan giwa kamar tana yi wa jariri shafa. Har ta ɗan lanƙwasa kusurwa ɗaya don ta yi kama da sauran. Na ji kamar ni ake lanƙwasawa.

Ranar Lahadi da la'asar fada ta cika, har da mutanen wasu unguwanni da suka ji za a kayar da giwa. Na kife goma ɗina. Ɗan Damagaram ya matso da hanci, ya yi atishawa.

"Me ya sami katunan mai girma sarki?"

"Gwangwanin ne ya faɗa cikin yajin kakata."

"Ba komai, ko da miya a jikinsu ina so."

Na san in ya ga ƙarami tun farko zai farga, don haka na sa zaki a sama. Ya leƙa nasa ya ce, "Ƙarfi, ƙasa." Zomo ya kayar da zaki, fada ta ɗauki ihu. Na biyu ya ce, "Nauyi, ƙasa." Kurciya ta tafi da ɓaunata. Na dafe kai ina salati, rabi wasa rabi gaske, don ɓaunar nan ƙanana takwas na ba da kafin in same ta. Na uku shi ne dodon koɗi, na huɗu giwa. In ya ce sama a na uku, kira na nan hannunsa, giwa ta tafi.

Ya leƙa katinsa ya daɗe. Ya dubi jan katin da ke gabana, ya dube ni. Wani daga baya ya ce, "Kai, yi hankali, mutumin nan ya je Barmu." Zufa ta bi mini baya har cikin wando. Ɗan Damagaram ya yi murmushi.

"Ai da bakinsa ya ce ya hura gawayi da talakawa. Gudu, ƙasa!"

Ya buɗe kunkuru, gudunsa biyu, ya riga ya miƙo hannu zai ɗauka. Na juya nawa a hankali. Dodon koɗi, ja wur, gudunsa ɗaya. Shekara da shekaru mutanen nan ba su taɓa yarda da maganata ba, ko na ce ana ruwa sai sun leƙa waje. Rana ɗaya da ya kamata su ƙaryata ni, ranar suka gaskata.

Kira ya dawo hannuna. Na leƙa na huɗu kamar ban san ko wane ne ba, na gyara murya na ce, "Nauyi, sama." Ihun da aka yi, tsuntsayen bedin nan ba su dawo ba sai bayan sati. Sauran wasan ban ma tuna shi sosai ba. Mun yi ta kai da kawowa, ya ci wasu na ci wasu, a ƙarshe ya fi ni da kati biyu ya karɓi takobi. Na miƙa masa da hannu biyu ina dariya. Giwa na cikin aljihuna. Dokar ƙasa kuwa ta zauna, kuma gaskiya wasan ya fi daɗi, don daga ranar kowa ya koyi haɗa manya da ƙanana, aka daina raina ɓera.

Bayan damina biyu yayana ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, da rediyo a kafaɗa. Lakkol ta koma daidai, har na ci jarrabawa, abin da ya ba malamaina mamaki fiye da ni. Bayan ya huta ya ce in kawo gwangwani. Na kawo ina neman hanyar gudu. Ya zaro giwa daga leda, ya ga maiƙo, ya ga kusurwar da ta lanƙwashe. Na fara bayani tun daga dimokuraɗiyya. Bai saurare ni ba. Ya kai katin hanci ya shaƙa, ya sāke shaƙa.

"Wannan yajin tsohuwa ne," in ji shi. "Shekara biyu ina neman mai irinsa a can."

Washegari muka hau kamyo tare zuwa Barmu, ya ci ƙosai har kaka ta ce a kama shi kafin ya cinye jarin. Da zai koma Abijan ya bar mini gwangwanin duka, ya ɗauki giwa kaɗai ya sa cikin aljihun gaba tare da takardunsa na tafiya. Dodon koɗi kuma kaka ta aiko a karɓo mata, wai cokulan da na fere ba sa ɗibar yaji daidai.