Gurabe Biyu a Cikin Kwamfutar Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Mai buga tafireta ne a sakateriyar ƙaramar hukuma a Kibiya, kuma da wannan aikin ya sa ni a makaranta har na zama malami a Kano. Da farar hula suka karɓi mulki, aka fara kawo kwamfutoci ofisoshi, sai aka tura su Kawu gefe. Bai jira a kore shi ba. Ya ajiye aiki, ya sayi tsohuwar kwamfuta da firinta da ƙaramin janareta, ya kama shago a Rano kusa da tasha.

Shekarun farko ya samu aiki. Shari'a ta dawo da ƙarfinta, masu ƙara a kan gado da iyakar gona suna zuwa a rubuta musu koke, ɗalibai suna kawo takardunsu, masu biki suna son katin gayyata. Kawu ya koyi kwamfutar da kansa, yana dukan madannanta da ƙarfi irin na wanda ya saba da tafireta.

Ana gab da zaɓe ya aiko direban motar haya da saƙo cewa in zo ranar Asabar, kwamfuta tana wahalar da shi. Na ɗan koyi gyara a makarantar da nake koyarwa, don ni aka ɗora wa kula da ɗakin kwamfutocinmu.

Na same shi zaune a ƙofar shago, ba kowa a ciki. Bayan mun gaisa ya ce wani ɗan takarar kansila daga Rurum ya ba shi aikin fasta mai hoto, amma da zarar an sa hoton sai kwamfutar ta sandare. Wani ya gaya masa ƙarin memori take so, wato ɗan sirit ɗin allon nan da ke ba ta damar riƙe aiki da yawa a lokaci guda.

"Na je Kano na sayo," in ji shi, ya zaro shi daga aljihu a naɗe cikin hankici. "Ya ƙi shiga."

"Kawu, kafin ka saya ka buɗe ka ga irin nata?"

"Mai shagon ya ce duk ɗaya ne."

Na kashe wuta, na kwance sukurori, na kwantar da akwatin a kan tebur kusa da ƙofa inda haske yake. Na hure ƙurar ciki, babban allon da komai yake manne a jikinsa ya bayyana. Na ce masa ya matso in nuna masa, don gobe kada a sake sayar masa da abin da ba shi ba.

Na fara daga ƙasa. Waɗannan fararen guraben da suke jere, na ce, na ƙarin kati ne, kamar na sauti ko na waya. Wannan guda ɗaya mai ruwan ƙasa da ya ɗan ja baya, na katin hoto ne. Na memori kuwa su ne dogayen baƙaƙen nan biyu kusa da fanka, masu fararen kunnuwa a kowane gefe. Ɗaya da memori a ciki, ɗayan babu. Na ciro tsohon na ajiye shi kusa da sabon. Tsohon tsaga biyu gare shi a ƙasa, sabon tsaga ɗaya. Gurbin ma tudu biyu ne a cikinsa. Ko da guduma ba zai shiga ba.

"Ka gani, Kawu? Biyu, ɗaya."

Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa allon. Ya ce, "Na gani." Amma inda yake kallo ba nan ba ne, wajen fararen guraben yake kallo.

Na ɗauka kuskure ne. Na ce ya nuna mini gurbin da ya yi ƙoƙarin sakawa. Bai nuna ba, sai ya sa hannu yana lalube, daga fanka ya gangara, har yatsansa ya sami baƙin gurbin da babu komai. A nan na ga kunne ɗaya ya karye, 'yan ƙarafan ciki sun lanƙwashe, wasu sun haɗe da juna. Da ƙarfi ya danna.

Na ɗago na kalle shi. Sai na tuna yadda da na iso bai gane ni ba sai da na yi sallama, da yadda ya laluba kujera kafin ya miƙo mini.

"Kawu, tun yaushe?"

Ya miƙe daga sunkuyen, ya goge yatsunsa a jikin riga. "Tun bara. Gefe da gefe ne ya fara rufewa. Yanzu kamar ta bakin tulu nake kallon duniya."

"Inna ta sani?" Matarsa nake nufi.

"Ta san ina tuntuɓe. Ta ɗauka tsufa ne."

Na tambaye shi yadda yake aiki. Ya ce yatsunsa sun san hanya tun zamanin tafireta. In ya gama sai ya ce wa mai takarda ya karanta da ƙarfi don a tabbatar, ta haka yake jin kurakuran. Hoto ne ya tona shi, don hoto ba a karanta shi.

"Kada ka gaya wa kowa tukuna," in ji shi. "A gyara wannan, in gama aikin mutumin nan. Na riga na yi masa alkawari."

Tunda gurbi ɗaya ya lalace, dabara ɗaya ta rage: a samo babban memori mai tsaga biyu a sa a madadin tsohon. Na koma Kano na shiga kasuwar 'yan kwamfuta. An daina yayin irinsa. Shago bayan shago ana girgiza mini kai, har wani mai tsofaffin kaya ya zazzage mini kwali na tsinci guda. A ƙarshen mako na koma Rano na saka. Kwamfutar ta tashi, amma rabin memorin kawai ta gani, don allon nata ya tsufa da yawa. Ta ɗan ƙara sauri. Ni na zauna na haɗa fastar, Kawu yana gefe yana faɗa mini inda za a sa kowace kalma. Sai dai kafin mu gama, ɗan takarar ya gaji da jira ya kai aikinsa wani sabon shago a bakin kasuwa. Ya aiko yaronsa ya karɓi hoton, ya ce a ba Malam haƙuri.

Kawu ya sa na fitar da fasta guda, ya riƙe ta kusa da fuskarsa na ɗan lokaci, ya tambaye ni ko ta yi kyau. Na ce ta yi.

A makon ne na matsa masa muka je asibitin ido a Kano. Likita ya duba, ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye jijiya. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya rubuta maganin ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya rage. A mota muna dawowa Kawu ya ce ni zan gaya wa Inna, shi ba zai iya ba.

Na gaya mata a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta ce, "Shi ya sa ya daina karatu da asuba daga littafi. Ya ce wai hadda yake gwadawa."

Shagon bai kai damina ba. Muka ɗaure kayan a bayan a-kori-kura muka mayar Kibiya. Janareta da firinta suka sami masu saye, kwamfutar kuwa babu wanda ya taya. Aka ajiye ta a ɗakin hatsi, a kan buhunan dawa.

Ya rayu wasu shekaru bayan haka. Gonarsa ta Unguwar Gai aka ba wani maƙwabci yana nomawa ana rabawa. Duk zuwan da na yi ina samunsa a zaure da rediyo, yana sauraron 'yan siyasa suna zagin juna. Ya rame, ya rage magana. Wani lokaci masu koke sukan zo har gida, ya faɗa musu yadda za su tsara maganarsu, su je wani wuri a buga.

Zuwana na ƙarshe da damina ne. Ya ce in kai shi gona. Na goya shi a babur, muna tafe a hankali saboda taɓo, hannuwansa biyu a kafaɗata. Da muka isa ya tsaya a bakin kunya, ya kama karan dawa ya bi shi da hannu har sama. Ya ce taki bai ishe ta ba. Hadari ya taso daga gabas, na ce mu koma. Ya ce in ba shi ɗan lokaci, muka tsaya har aka fara yayyafi.

Bayan girbi aka bugo mini waya ina cikin aji, aka ce Kawu ya rasu.