Injin Agogon Mahaifina a Gidan Gwal

A shekarun da kuɗin mai ya fara malalowa har Keffi, ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya bar sayar da kwanon rufi ya zama ɗan kwangila. Kwalbatoci aka ba shi a hanyar Garaku. Kafin damina ta gwada su ya riga ya sayi mota, ya yi tumbi, ya kuma koyi kiran mutane da yatsa ba tare da ya dube su ba. A gidansa na unguwar Liman Abaji nake zaune tun rasuwar mahaifina, ina ajin ƙarshe a sakandare. Ba ni da yawan magana. Shi kuwa duk wanda ya yi shiru a gabansa, a ganinsa ya yarda ke nan.

Abin da na gada wurin mahaifina, ban da littattafai, agogon hannu ne irin wanda ake wanawa, gidansa farin ƙarfe duk ya kakkarce. Kowace safiya nakan wana shi a hankali, in tsaya da zarar na ji ya fara tauri, kamar yadda marigayin ya koya mini. Ina da ɗan littafi da nake rubuta bambancinsa da rediyo a lokacin labarai. Bai taɓa yin kuskuren minti guda a mako ba.

Wata Asabar Baffa ya ce in shiga mota, za ni in rubuta masa haruffan sunansa da boko. Muka tsaya a unguwar Yara, gaban rumfar wani tsoho mai gyaran agogo. Siririn mutum ne, ya koyi aikin a reluwe, Hausarsa da ɗan gargada. Ya taɓa wanke mini agogona sau ɗaya.

Baffa bai zauna ba. Ya ce, "Malam, agogo nake so wanda babu irinsa a garin nan. Ba na kanti ba, da kowane malamin ofis zai je ya saya. A haɗa mini nawa ni kaɗai. Babba, mai nauyi, in na ɗaga hannu a gani daga bakin titi."

Tsohon ya ce hakan mai yiwuwa ne. Gidan agogon zai sa a kawo daga Kano, maƙerin farfaru ya yi masa ruwan gwal, fuskar kuma shi da kansa zai zana. "Amma Alhaji, duk wannan riga ce. Agogo injinsa ne. Sababbin da ke shigowa yanzu, shekara biyu sun mutu. Ni dai tun da nake buɗe agogo a Keffi ban ga inji kamar na hannun yaron nan ba."

Na san yabo ya yi nufi. Da na iya, da na rufe masa baki.

Baffa ya juyo ya dube ni, karo na farko a ranar. "Kai ɗan boko, ciro shi."

"Baffa, na Baba ne."

"Babanka ba yayana ba ne? Kayan gida ne. Ai daraja ma zan yi masa, in fitar da shi daga wannan gwangwanin."

Na kwance maɗaurin na ajiye a kan tebur. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ɗauki matsefata yana juyawa har muka tafi.

Aikin ya ɗauki kusan wata guda. Nakan biya ta rumfar in na taso daga makaranta, in tsaya daga gefe. Na ga ranar da ya maƙala gilashi a ido ya zare injin daga tsohon gidansa, ya kifa masa kofi don ƙura. Gidan ƙarfen ya naɗe a takarda ya ba ni. Ya ce, "Riƙe wannan, ɗana. Bakina ne ya ja maka."

Baffa ma yana zuwa, amma bai taɓa tambayar yadda injin yake ba. Haruffan sunansa da ke fuskar agogon ne suka yi masa ƙanana, sai an ƙara. Hannayen agogon sun yi siriri, sai an yi masu kauri. Tsohon ya ce masu kauri za su yi wa injin nauyi, ya riƙa jinkiri. Baffa ya ce, "Ya yi mana. Wa zai tuhume ni?"

Tsohon yana da ƙa'ida. Duk agogon da ya haɗa, sai ya ɗaura shi a hannunsa kwana bakwai, yana gwada shi da rediyo, kafin ya ba mai shi. Baffa ya karɓe nasa a rana ta uku, don ana suna a gidan wani abokinsa. Ya ce shi bai ba da aiki don wani ya riga shi ɗaurawa ba.

Abin ya fito ƙato, rawaya, kamar murfin gwangwanin madara. Baffa ya sa tela ya rage masa hannun riguna. Ya kuma ƙirƙiro wata ɗabi'a: duk inda mutane suka taru sai ya ɗaga hannu ya kama wana agogon yana magana, don idanu su bi yatsunsa. Yakan wana shi a bakin masallaci, a ofis, a gaban mai tsire. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce masa sau ɗaya ake yi a rana. Ya ce, "Na talaka ke nan."

Ranar da ya tsinke, ina wurin. Bayan la'asar ce, a ƙofar gida, yana ba maƙwabta labarin siminti. Na ga yatsunsa sun kai inda ya yi tauri, na ga ya ƙara ƙarfi. Na ji ɗan sauti, ƙas. Ba wanda ya ji sai ni. Agogon ya tsaya a biyar saura ashirin.

Kwana tara yana ɗaure da shi bai sani ba. Na rubuta kowace rana a littafina. Yana ma ci gaba da wana shi, yana jin daɗin yadda ya yi laushi. A rana ta goma, da hantsi, wani injiniya da ya zo duba kwalbati ya tambaye shi lokaci. Baffa ya ɗaga hannu da isa ya ce biyar saura ashirin. Direbansa ya ce har leburori sai da suka dara.

Baffa ya ɗauke ni muka koma Yara yana huci. Tsohon ya buɗe bayan agogon ya ce sifirin ya tsinke, wato siririn ƙarfen da ke naɗe a ciki, sai an aiko da wani daga Kano, mako biyu.

"Mako biyu? Gobe ina da ganawa a Jos! Da hannu tsirara zan shiga gaban manya?"

Sai na ce, "Baffa, ai ana iya cire injin a bar shi nan. A manne hannayen, ka tafi da gidan."

Na zaci zai mare ni. Sai ya juya ga tsohon. "Daga waje ana ganewa?"

"Sai wanda ya kara kunne, Alhaji."

"Wa zai kara kunne a hannuna? Cire."

Da aka cire Baffa ya auna shi a tafin hannu, ya ɓata fuska, ya ce ya yi sakayau. Tsohon ya yanko ɗan guntun dalma ya cusa a ciki. Baffa ya sake aunawa ya ce yanzu ma ya fi da.

Sifirin ya iso, tsohon ya gyara, ya ce in sanar da Alhaji. Na faɗa masa, bai je ba. Bayan mako na sake faɗa.

"Wane inji kuma? Wannan da ya kunyata ni gaban leburori? Tun da aka cire shi agogona bai ƙara ba ni matsala ba. Je ka kwashe tarkacenka."

Ban tsaya sa takalmi daidai ba. Na kai wa tsohon gidan ƙarfen, ya mayar da injin da siraran hannayensa na asali.

Ranar da na fara ɗaura shi, Baffa ya gan shi muna cin abinci. Ya girgiza kai cikin tausayi. "Har yanzu kana nan da gwangwanin nan? Ka ci jarrabawa, zan sa a yi maka irin nawa."

Na ce, "Na gode, Baffa." Na ja hannun rigata na rufe shi.