Tuwon da na tuƙa a ɗaki mai lamba tara

Ni ba mai yawo ba ce. Daga Tasawa in na je Maraɗi sai na yi mako ina ba da labari. Amma ɗana na fari, wanda ke aikin gini a birnin Tamanrasset, can arewa ƙetaren hamada, ya nace sai na zo na huta kwana bakwai. Inda yake kwana a unguwar Gata'alwad su shida ne a ɗaki ɗaya, ƙartai zalla, don haka ya kai ni wani ɗan otel inda yake shafen siminti a bene na sama. Mai otel ɗin wani dattijon Buzu ne da ya yi fatauci a Agadas, yana jin Hausa, kuma saboda yaron ya ba mu ɗaki da rangwame.

A bango, daidai saman teburinsa, akwai takarda da hoton tukunya an gicciya mata jan layi. Ko ban iya Larabci da Faransanci ba, wannan na karanta.

Ɗana ya ce, “Inna, don Allah kar ki dafa komai a ɗaki. Wasu sun taɓa ƙona masa katifa. In ya kore ki, ni ma aikina ya tafi.”

Na ce, “Ni da na zo hutu, me ya haɗa ni da tukunya?” Alhali tana ƙasan jakata, naɗe cikin zane tare da muciya.

Kwana uku na yi biyayya. Da safe burodi, dogo kamar sandar makiyayi, in ya kai azahar ana iya korar akuya da shi. Da rana wake a romon tumatir, lubiya suke ce masa, a wata rumfa kusa da tasha inda ya fi araha. Da yamma dankali soyayye an fasa masa ƙwai, an cusa cikin wani burodin. Mutanen kirki ne, amma komai sai sun sa shi a burodi. Na tabbata da za ka ba su fura, tsaga burodi za su yi su zuba.

Ran na huɗu na dubi wuyan ɗana, duk ya zama kamar na zalɓe. Yana hawa sama aiki na sulale kasuwa, na sayi ɗan risho mai gas irin na masu shayi a shagon wani Bamaraɗe. Garin hatsi, kuka, daddawa da yaji duk da su na zo. Na kulle ƙofa, na toshe ƙasanta da zane, na buɗe taga, na tsuguna tsakanin gado da bango kamar mai satar kaza. Ko muciyar a hankali nake juya ta don kar ta yi ƙara.

Tuwo ya yi, miya ta yi. Na kwashe na ɗana, na kwashe nawa, na kwashe na uku. Tun ina amarya ban taɓa sauke tukunya ban fitar da na maƙwabci ba, kuma a gidan nan maƙwabcin da na sani shi ne dattijon da nake gaisarwa kowace safiya. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Na rufe kwano da faifai, na sauka, na yi sallama, na ajiye masa a kan tebur.

Ya ɗaga faifan, tururi ya tashi. Ya dubi kwano, ya juya ya dubi hoton da ke saman kansa, sannan ya dube ni. Sai a lokacin na tuna da dokar.

“Hajiya, wannan daga ina?”

“Daga Allah, Alhaji.”

“Allah ya sauke shi a ɗaki mai lamba tara?”

Ya ce, “Tun ɗazu nake jin daddawa har bakin titi. Na ce bari in yi kamar hancina ya mutu, saboda yaronki. Yanzu kin kawo mini shaida har tebur, da murfinta.”

Ya aika a kira ɗana. Yaron ya sauko da siminti har gira, yana ganin kwanon ya dafe kai. “Inna, ɓarawo ma ai ba ya kai wa jandarma kasonsa.”

“To in ci shi yana zaune a ƙasa yana shaƙar ƙamshi? Haka na rene ka?”

Dattijon ya jawo kwanon gabansa. Ya wanke hannu, ya janye rawani daga bakinsa, ya ci tuwon nan a gabanmu muna tsaye kamar masu jiran hukunci, har ya suɗe kwano. Sannan ya ce doka doka ce, a sauko da risho. Ɗana ya kawo, ni kuwa har na fara tunanin yadda zan haɗa kaya. Sai dattijon ya karɓa ya wuce da shi tsakar gida ta baya inda ake shanya zannuwan gado, ya dire a gindin bango.

“A ɗaki na hana. Nan ba katifa. Kai kuma koma aikinka. Gobe a ƙara yaji, Hajiya.”

Da la'asar kwanona ya dawo cike da dabinon garin Abalessa.

Sauran kwana ukun a tsakar gidan nan na yi su, ina tuƙa wa dattijo da ɗana da abokan ɗakinsa biyar, da wani direba da ban san wanda ya gayyace shi ba. Ɗana yana ta mitar cewa hutu ya kawo ni, ni kuwa sai lokacin na fara barci mai daɗi. Shi ya gama benen, har aka ba shi aikin katangar baya.

Da na koma gida mata suka taru suna tambaya yaya birnin yake. Na ce akwai duwatsu, na hango su ta taga. Rishon da ragowar daddawar kuwa dattijon ya riƙe, wai kayan laifi ne.