Tauraron da Ya Raba Malam Bello da Limanci

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Bello na Rabah, kuma har yau akwai masu kiran 'ya'yansa 'ya'yan mai duba.

Bello limamin unguwarsu ne, mai noman albasa, wanda ya gaji sanin taurarin damina daga mahaifinsa. Wata kaka ya lura da wani ɗan tauraro da ba mu san sunansa ba, wanda haskensa ke ƙaruwa. Bai yarda da idonsa ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya gwada shi da taurari biyu maƙwabtansa, ɗaya mai haske, ɗaya dishi-dishi, ya ga wanne ya fi kusanta. Ina Agadas lokacin, ya kira ni: "Alhaji, duba man daga nan. Ko hayaƙin fadama na ka ruɗi na?" Na duba. Ba hayaƙi ba ne.

A wajenmu, wanda ya tsaya kallon sama duba yake yi. Mata suka fara aiko tambayar aure, 'yan kasuwa ta ranar tafiya. Ya kore su duka. Duk da haka dattawan masallaci suka zaunar da shi suka ce, "Malam, mi tauraron nan yac ce maka?" Ya ce, "Bai ce komi ba, haske dai ya ƙara." Suka ba wani limanci. Ya koma sahun baya, can yake salla har ya rasu.

Na zauna Khartum, na zauna Alƙahira. Na ga masu irin wannan sa ido, ana karɓar abin da suka gani, masana na gode musu, domin akwai taurarin da haskensu ke hawa da sauka. Mu namu tsige shi muka yi. Da Bello zai dawo yau, zai tarar da waɗanda suka tsige shi suna duba waya su ga yaushe ruwa zai sauka, ba wanda ya ce sun yi duba.

Haƙurinsa ya tafi da shi, ni ban gaje shi ba. Abin da ya rage shi ne sunansa, kuma 'ya'yansa ke ɗauke da shi. Biyu daga dattawan nan suna raye. Kowannensu ya gaya mini a zaurena cewa ya san Bello bai taɓa duba ba. Ba ni nake bukatar ji ba. Su tashi bayan sallar asuba, a masallacin da suka tsige shi, su faɗa.