Kyamarar da Yaya Sani ya ce ya manta

Na kunna kwamfuta zan kira saurayina Bashir ta bidiyo, sai na ga baƙi ƙirin. Kyamara ba ta aiki.

Dama nauyi ta yi, Yaya Sani ya karɓa ya ce zai haɗa mata sabon kanel da hannunsa. Wai shi ne zuciyar manhajar, mai haɗawa ke zaɓar abin da zai yi aiki a jikin na'ura, ya watsar da sauran. Gaskiya yanzu gudu take kamar okada.

Na same shi a shagonsa a nan Agege.

"Yaya, kyamarata fa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Mantawa na yi, Hauwa. Abubuwan da yawa."

"Amma ba ka manta da tsohuwar firintar Baba da ke ƙarƙashin gado ba."

"Firinta ba ta hira da mutanen Ikorodu," ya ce, ya ci gaba da danne-dannensa.

Ni dai ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu cewa a Ikorodu Bashir yake ba.

Jama'a, ku taya ni tunani. Me kuma ya gani kafin ya dawo min da ita?